Kilo ko Lita: Inda Man Zurma ke Ɓacewa Tsakanin Sikeli da Kwalba

Masu sarin man zurma a Kaduna da kilo suke saye, da kwalba suke sayarwa. Dillalin kayan haɗa sabulu da man shafawa zai ce kilo kaza, kuɗi kaza. Ita kuwa mai ɗurawa, a ɗakinta na Rigasa ko Unguwar Rimi ko Tudun Wada, ƙananan robobi ne a gabanta masu cin mililita 50 da 100 da 250, kuma su mai saye yake gani ya biya. Tsakanin waɗannan awo biyu akwai wani ɗan rami da mutane da dama ke tsallakewa da ka, wai ai kilo ɗaya lita ɗaya ne. Ga ruwa haka ne. Ga man zurma, wanda wasu ke kira man cika-gida, ba haka ba ne, kodayake bai yi nisa sosai ba. Wannan kusancin ne ma yake sa a raina bambancin, har sai ya taru ya zama kuɗi.

Lissafin kansa gajere ne. Lita ɗaya ta man zurma tana da nauyin giram 960, ko kusa da haka. Ke nan kowace mililita giram 0.96 ce. In giram ne a hannu ana neman mililita, sai a raba da 0.96. In mililita ce ana neman giram, sai a ninka da 0.96. Kilo ɗaya zai ba da lita 1.042, kilo 5 lita 5.2, kilo 25 lita 26 da ɗan ɗigo, tan guda kuma lita 1,042. Ta ɗaya ɓangaren, jarka mai cin lita 25 in an cika ta daidai layinta kilo 24 ce, ba 25 ba. Wanda ba ya son taɓa waya yana iya riƙe wannan a ka: daga giram zuwa mililita a ƙara huɗu a kan kowane ɗari, daga mililita zuwa giram a cire huɗu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ninka a inda ya kamata a raba. Maganinsa tuna abu ɗaya, cewa man ya fi ruwa rashin nauyi, don haka adadin mililita kullum shi ne a sama da na giram. In lissafi ya fito akasin haka, an juya shi.

Da yawa za su yi gardama a nan. Man da in ka karkata kwalba sai ka jira shi kafin ya sauko, ta yaya za a ce ruwa ya fi shi nauyi? A ɗiga shi a kofin ruwa a gani, a sama zai tsaya. Kauri daban, nauyi daban. Kaurin man zurma ya samo asali ne daga sinadarin da ya mamaye shi, wato risinoliyik asid, wanda ya kai kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na kitsen da ke cikinsa. Wannan sinadari yana da wani ɗan reshe na iskar oksijin da haidirojin a jikin ƙwayar kabon ta 12, abin da man gyaɗa da manja ba su da shi. Reshen yana sa ƙwayoyin man su riƙa kama juna, shi ya sa ba ya gudu. A yanayin zafi na digiri 20, kaurinsa ya ninka na ruwa kusan sau dubu. Wannan kama junan dai shi ne ya sa ƙwayoyin suka ɗan fi matsuwa, har man zurma ya fi sauran man tsirrai da muka saba da su nauyi. Litar man gyaɗa ba ta wuce giram 910 zuwa 920 ba, man riɗi da man waken soya ma a nan suke. Litar fetur wajen giram 740 ce, ta man dizal wajen 840. Zuma kuwa, wadda ita ma kauri gare ta, litarta ta haura giram 1,400. To ga zuma da man zurma duk suna jan jiki wajen zuba, amma ɗaya tana nutsewa a ruwa, ɗaya yana yawo a kai.

Zaton cewa kilo da lita abu ɗaya ne ba daga iska ya zo ba. Lokacin da Faransa ta kafa awon mita a shekarun 1790, da ruwa aka ɗaure su: giram shi ne nauyin ruwan da ya cika ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowane gefe. Daga 1901 har zuwa 1964 ma, ma'anar lita a hukumance ita ce wurin da kilo ɗaya na tsantsar ruwa yake cikawa. Daga baya aka raba auren, lita ta koma awon fili zalla, shi kuma kilo aka sake masa ma'ana a 2019. Najeriya ta koma wannan tsari a shekarun 1970, kuma har yau akwai sashen awo da ma'auni a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, wanda aikinsa ne duba sikeli da famfon gidan mai. Yaron da aka koya wa "lita ɗaya kilo ɗaya" a firamare ba ƙarya aka yi masa ba, an dai manta a ce masa na ruwa ne kaɗai.

Mu kuma nan ba baƙi ba ne ga wannan matsala. Duk ƙarshen azumi sai an yi ta a kan zakkar fidda kai. Sa'i awo ne na cika, mudun Annabi huɗu, amma mutanen birni da kilo suke sayen abinci, sai su tambayi malamai kilo nawa ke nan. Amsar takan bambanta, saboda sa'in shinkafa da na gero da na masara ba nauyinsu ɗaya ba. Abin da ke faruwa da mai ke nan, sai dai shi mai ya fi hatsi sauƙi, tunda babu iska a tsakanin ƙwayoyinsa, babu kuma zancen a cika mudu a yi masa tozo ko a shafe.

Bari mu sa kuɗi a ciki, don a nan ne mutum yake farkawa. A ƙaddara kilo naira 6,000 ne, misali kawai, farashi yana hawa yana sauka. Wadda ta sayi kilo 25 na gaskiya ta biya 150,000, ta samu lita 26, wato roba 260 masu mililita 100. In ta ɗauka lita 25 ce, za ta yi lissafin roba 250, ta raba kuɗinta a kai, ta sa farashi ya ɗan ɗara abin da ya kamata. Wannan ba asara ba ce, rarar roba goma ce da ba ta san da ita ba. Asarar tana zuwa ne ta ɗaya hanyar. Dillali ya miƙo jarka mai lita 25 ya ce kilo 25 ce, aka biya kuɗin kilo 25, alhali kilo 24 ne a ciki. Naira 6,000 ta tafi a jarka ɗaya. A jarka arba'in, an yi kilo arba'in, naira 240,000. Sau da yawa ba ha'inci ba ne, shi ma dillalin haka ya ɗauka. Amma ko da niyya ko babu, kuɗin dai aljihu ɗaya yake barin. Haka nan in mutum biyu suka ba da farashi, ɗaya a kilo ɗaya a lita, ba a kwatanta su kai tsaye. Kilo a 6,000 daidai yake da lita a 5,760. Wanda ya ce lita 5,900 ya fi tsada, duk da lambarsa ce ƙarama.

Da a ce a nan zancen ya tsaya, da sai a rubuta 0.96 a bangon shago a huta. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ita 0.96 ɗin a ɗakin gwaji aka samo ta, a zafin digiri 20, kuma ko a can ba lamba ɗaya tak ba ce. Man gaske yana faɗawa tsakanin wajen 0.955 da 0.968, gwargwadon irin da aka shuka da yadda aka tatse shi. A jarka mai lita 25 wannan tazara ta kai kusan giram 300. Sannan ga zafi. Mai yana kumbura in ya ji ɗumi, man zurma yana ƙara kusan kashi 0.07 cikin ɗari a kan kowane digiri. Ƙaramin abu ne a ido, amma Kaduna gari ne mai fuska biyu. Asubahin hunturu a Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 15, ranar bazara a Maris da Afrilu tana haura 35, shagon kwano a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi kuwa ya fi waje zafi. Tazarar digiri 20 ke nan, kashi 1.4 cikin ɗari. A lita 25, mililita 350 ce, roba uku da rabi. Man bai ƙaru ba, bai ragu ba, sikeli zai nuna lamba ɗaya safe da rana. Layin da ke jikin jarka ne yake hawa yana sauka.

Saboda haka a ganina, wanda ke aiki a Kaduna lokacin zafi ya fi kusa da gaskiya in ya yi amfani da 0.95, ya bar 0.96 ga damina da hunturu. Kilo 25 a tsakiyar bazara zai ba da wajen lita 26.3. Sai dai kada a yi murna da ƙarin, na aro ne. Robar da aka ɗura da azahar daga jarkar da ta sha rana, washegari da safe za a ga wuyanta ya ɗan sauka, mai saye ya ce an rage masa. Wadda kuma aka cika ta fal da sanyin safiya aka ɗaure murfi, in ta shiga bayan mota zuwa Zariya ko Kafanchan da rana, tana iya tsatsowa ta jiƙe kwali. Shi ya sa kamfanoni ba sa cika kwalba har baki. Kuma shi ya sa manyan 'yan kasuwar duniya ba sa cinikin man zurma da lita. Indiya ce ke noma mafi yawan zurman duniya, fiye da kashi 80 cikin ɗari, akasari a jihar Gujarat, kuma da tan take sayarwa. Duron da aka rubuta wa kilo 200, lita 208 ce a cikinsa. Wanda ya saye shi ya ɗauka lita 200 ce, jarka takwas zai tanada, sai ya ga saura lita 8 babu inda zai zuba.

Abin da ya fi zafin gari ɓarna shi ne kaurin nan. Duk abin da man zurma ya taɓa sai ya bar rabonsa a jiki: jarka, mazurari, kofin awo, ludayi, har hannun mai ɗurawa. Wadda ta auna mililita 100 a kofi ta juye a roba, ba 100 ce ta shiga ba, wani abu ya tsaya a bangon kofin yana saukowa a hankali. In ta yi sauri ta sake cikawa, na biyun ya haɗa da ragowar na farko, sai awon ya rikice ta ɓangare biyu. Ga kumfar iska, wadda in an zuba da ƙarfi take maƙalewa a ciki ta ɗaga layin, sai an jima ta fice. Ƙaramin awo ya fi shan wahala, domin bangon cokali yana da yawa in aka kwatanta da abin da ya ɗauka. A wannan mataki bambancin kashi huɗu da muka fara da shi yana iya zama ƙarami kusa da abin da ya manne a kwano. Ɗumi yana taimakawa sosai, don a digiri 40 kaurin man yana sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake a digiri 20, shi ya sa masu ɗurawa suke ajiye jarka a rana ko a cikin ruwan ɗumi. Dabara ce mai kyau, amma ta mai da mu kan matsalar kumbura. Hanyar da ta kauce wa duka biyun ita ce a ɗora robar kanta a kan sikeli, a danna maɓallin da ke mai da shi sifili, a zuba kai tsaye har ya nuna giram 96. An samu mililita 100 ke nan, ko man da ɗumi ko da sanyi, ko da kumfa ko babu, kuma babu kofin da zai ci rabonsa. Mai mililita 50 giram 48, mai 250 giram 240. Ƙaramin sikelin batir irin na masu yin kek ya isa, kuma kuɗinsa bai kai abin da ake asara a jarka kaɗan ba.

Su ma robobin ba a yarda da su ido rufe ba. Robar da aka sayar da sunan mililita 100 takan ci fiye da haka in an cika ta har baki, domin an bar wa iska wuri. Wadda ke cikawa fal don mai saye ya ji daɗi tana iya yin kyautar mililita biyar ko goma a kowace roba ba ta sani ba, ta ƙare jarka da roba 240 tana neman ina 20 suka shiga. Gwajin yana da sauƙi, tunda ruwa shi ne abin da awon biyu suka yarda da shi. A ɗora roba wofi a sikeli, a mai da shi sifili, a zuba ruwa har inda aka saba tsayawa. Giram ɗin da ya nuna, su ne mililitar da robar ke ci. Haka za a yi wa kwalbar lemo, da robar ruwan sha da ake sake amfani da ita, da gwangwanin madara, da duk wani abin awo na gado. A dai ware robar da aka gwada da ruwa, kada a zuba mata mai sai ta bushe ƙarau, don danshi yana ɓata shi.

Galan ma wani rikicin ne. A kasuwa akwai wanda in ya ce galan lita 4 yake nufi, akwai mai nufin 5. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila da muka gada kafin komawa lita kuma 4.546. Da man zurma, waɗannan huɗun sun zama kilo 3.84 da 4.8 da 3.63 da 4.36. Wanda ya yi ciniki ta waya a kan "galan goma" bai faɗi komai ba tukuna.

Akwai wani abin mamaki a kwalaben da ake shigo da su daga Amurka, waɗanda ake gani a manyan shagunan kayan kwalliya. Amurkawa suna da oza iri biyu, ta nauyi mai giram 28.35 da ta ruwa mai mililita 29.57, wadda ake rubutawa fl oz a jikin kwalba. Ga yawancin abubuwa waɗannan biyu ba sa haɗuwa, suna kuma rikita masu bin tsarin haɗi na intanet. Amma a ninka 29.57 da 0.96, za a samu 28.39. Wato ga man zurma, ozar ruwa da ozar nauyi sun kusa zama abu ɗaya. Kwalba mai fl oz 16, mililita 473 ce, nauyin man da ke ciki giram 454, wanda shi ne laba ɗaya cif. Dace ne kawai, babu wanda ya tsara shi, kuma ba ya aiki ga man gyaɗa ko man kwakwa. Amfaninsa shi ne in tsarin haɗi ya ce oza 2 na man zurma bai fayyace wacce ba, babu abin damuwa, giram 57 ne ta kowace hanya.

Sabulu ne wurin da ake yawan tsoratar da mutane a kan wannan lissafi, kuma a nan nake ganin an ɗora wa man zurma laifin da ba nasa ba. Gaskiya ne sabulu haɗin sinadarai ne, kowane giram na mai yana cin adadin soda sananne. Giram ɗaya na man zurma yana buƙatar wajen giram 0.128 na soda. Amma shi kaɗan ake sawa, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, don ya riƙe kumfa, in ya yi yawa sabulun ya yi laushi da danƙo. A haɗin mai na kilo ɗaya, kashi biyar giram 50 ne, wato mililita 52. Wadda ta zuba mililita 50 ta rage giram 2, sodar da ta yi rara ba ta kai giram 0.3 ba. Babu fatar da za ta ji wannan. Haɗarin yana wajen babban man. Man alayyadi, wanda shi ne ginshiƙin sabulun wanki da na wanka a nan, litarsa wajen giram 910 ce, kuma mayen soda ne, kowane giram yana cin kusan 0.176. In tsari ya ce giram 1,000 aka zuba mililita 1,000, an sa soda giram 176 a inda 160 ake buƙata. Rarar ta kai kashi goma cikin ɗari, ta cinye ɗan man da ake bari don laushin fata, ta wuce. Sabulun da ke sa hannu ƙaiƙayi da bushewa, sau da yawa daga nan yake. Cikin duk man da ke tukunyar, na zurma ne ya fi kusa da ruwa, shi ne mafi ƙarancin ɓata lissafi.

Masu sabulu da aka koya wa sana'ar a ajujuwan koyon sana'a sun riga sun san wannan ilimi ta wata ƙofa. Wannan gilashin da suke tsomawa a ruwan soda su jira ya tsaya wajen 1,275, nauyin lita yake aunawa, yana cewa litar ruwan sodar giram 1,275 ce. Sai dai yawancin irinsa daga 1,000 yake farawa ya hau, don haka ba zai karanta mai ba, nutsewa zai yi. Na mai daban ne, mai lambobi ƙasa da dubu.

Wajen sha kuwa babu buƙatar juyawa, don da mililita ake rubuta awon magani. Cokalin shayi na awo mililita 5 ne, giram 4.8 na man zurma. Babban cokali mililita 15, giram 14.4. Cokulan gida ba su san da wannan doka ba, wani ya ci uku wani ya ci bakwai, don haka sirinji mara allura ko ɗan kofin da ke zuwa da maganin yara ya fi. Ƙirgen ɗigo ma ba abin dogaro ba ne, "ɗigo ashirin mililita ɗaya" na ruwa ne. Man zurma mai ƙarfi ne wajen sa gudawa, kuma yana iya tayar da naƙuda, saboda haka mai juna biyu da ƙananan yara ba a ba su sai da izinin likita. 'Ya'yan zurman kansu kuwa guba ne, akwai risin a cikinsu, wanda ke zama a tunkuzar bayan an tatse. Man da aka tace da kyau ba ya ɗauke da shi. Kada a yi gangancin ba dabbobi tunkuzar kamar ta gyaɗa.

Wannan lamba tana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba, wato kama algus. Tunda man zurma ya fi kusan duk abin da za a iya sirka shi da shi nauyi, sirki yana rage nauyin litar. In an haɗa shi rabi da rabi da man gyaɗa ko na soya, lita za ta dawo wajen giram 940. In da farin man farafin ne, wanda ya fi su rashin nauyi, za ta sauko kusa da 900. Da roba biyu iri ɗaya ake gwadawa: a cika ɗaya da ruwa, ɗaya da man, zuwa layi ɗaya, a cire nauyin roba, a raba nauyin man da na ruwan. In an samu 0.95 zuwa 0.97 an tsira daga babban sirki. In an ga 0.93 akwai magana. A yi da roba babba, rabin lita ko lita, don a ƙaramar roba kuskuren ido ya fi abin da ake nema girma. Kuma gwajin yana da iyaka. Sirkin kashi goma cikin ɗari da man gyaɗa ko na soya wajen giram 4 kawai yake ragewa a lita, wanda bai fita daga tazarar man gaske ba, sikelin gida ba zai tona shi ba. A nan sai a haɗa da gwaji na biyu. Man zurma yana narkewa a cikin sifirit mai ƙarfi, abin da man gyaɗa da na soya da farafin ba sa yi. A zuba kaɗan a kwalba, a ƙara sifirit ninkinsa da yawa, a girgiza. Na gaske zai baje ya zama garai, mai sirki zai yi gajimare ko ya bar wani abu ya kwanta daban. In sifirit ɗin ruwa ya yi masa yawa, na gasken ma zai yi gajimare, don haka a fara gwada shi da man da aka tabbatar da shi.

Duk wannan na man zurma ne zalla, fari ko baƙin da ake soya 'ya'yan kafin a tatsa. Abubuwan da aka sarrafa daga gare shi, kamar wanda aka daskarar ya zama ɓarɓashi irin na kakin zuma, ko jan nan mai narkewa a ruwa da masu rini da sabulun ruwa ke amfani da shi, kowanne da lambarsa, 0.96 ba ta hau kansu ba. Haka man gashi da aka haɗa da man kaɗe da na kwakwa da turare. In za a rubuta mililita a jikin robarsa, kamar yadda hukumar NAFDAC ke buƙatar a bayyana yawan abin da ke ciki kafin ta yi wa kaya rajista, haɗin gaba ɗaya za a auna a kan ruwa a fitar masa da tasa lambar. Man shafawa mai daskarewa ma da giram ya fi dacewa a rubuta shi.

Manomi da mai tatsa su ma lissafin ya shafe su. Zurma tana fita da kanta a bayan gari da bakin juji a ƙasar nan, cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja kuma tana cikin masu aikin inganta irinta. 'Ya'yan suna ɗauke da mai kusan rabin nauyinsu, kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. A takarda, buhu mai kilo 100 yana da mai kilo 45, wato lita 47. Injin matsa ba ya fitar da shi duka, tafasawar gida kuwa ta fi barin mai a tunkuza. Mai injin da ya karɓi 'ya'ya da buhu ya mayar da mai da jarka ya haɗa awo uku a ciniki ɗaya, buhu da kilo da lita, kuma buhun ma ba lallai kilo 100 ba ne. Wanda ya kai kayansa tatsa ya auna buhun a sikeli kafin ya miƙa, ya auna jarkarsa wofi ya rubuta a jikinta, in an dawo da ita ya sake ɗorawa ya cire. Abin da ya rage shi ne kilon mansa, ya raba shi da kilon 'ya'yan ya ga kashi nawa injin ya ba shi. Da wannan lambar zai iya kwatanta injin Kakuri da na Kawo, ya san wanda zai koma wa badi.